Majanyin da Iya Ta Kaɗa Mini

A Aujara na tashi, a hannun kakata Iya, mu biyu rak a gidan. Bayan sallar isha sai ta jawo tabarma kusa da murhu, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. Zare na tsawo, tatsuniya na tsawo.

"Ga ta nan, in kin iya ki kama ta," in ji Iya.

"Ta zo, na buɗe hannu."

Wai Auduga budurwa ce mai taushi, kowa na sonta, amma da an ja ta sai ta yage. Zaren Tsamiya kuwa, wanda tsutsa ke yi a bishiyar tsamiya, saurayi ne mai ƙarfi, yana zaune shi kaɗai a kan reshe, ba mai zuwa zance wajensa. Masaƙi ya ji tausayinsu ya ɗaura musu aure, marini ya yi musu wanka da baba. Tun daga ranar ba su ƙara yagewa ba, wari da ƙuraje ma tsoronsu suke ji.

Ni soyayyar kawai nake ji. "Iya, to ni ina nawa saurayin?"

"Ja'ira, fara share majina tukuna! Wannan zaren na majanyinki ne. Ranar da kika goya ɗanki, bayansa ba zai yi ƙurji ba, kuma ba zai suɓuce miki ba."

An haɗa zarenta da na tsamiya aka saƙa majanyin, aka rina shi, daga baya Iya ta rasu. Na zo Dutse aiki, saurayin bai sauko daga reshensa ba, majanyin yana ƙasan akwatina. Wani lokaci nakan fito da shi in shinshina, har yau ba ya warin ajiya, sai ƙamshin baba da hayaƙi.

Bana da zafi maƙociyata Rabi ta haihu. Zanen roba take goyo da shi, gumi ya cinye bayan jaririn, ya yi jawur da ƙuraje. Ta katanga nake jin kukansa. Na buɗe akwatin na rufe, na sake buɗewa. Na san in na bayar, na yarda ke nan nawa ɗan ba zai zo ba. Duk da haka na ɗauko majanyin na kai mata.

"Yaya, wannan ai kayan gado ne," in ji Rabi.

"Goya shi. Iya ba don akwati ta kaɗa ba."

Kafin sati ƙurajen suka fara bushewa. Yanzu da yamma nakan zauna a ƙofar ɗakina, Rabi ta wuce da shi a baya yana barci, ɗaure da shuɗin zaren Iya. Katangar ta yi shiru. Ban taɓa sanin zan yi kewar kukan ba.