Kunnen Liyari

Tun ina ƙarama nake tara tsofaffin kuɗi, ba don wani ilimi ba, son su kawai nake yi. Babana ya yi aikin lambu a gidajen ma'aikata na Samaru, kuma duk baƙon da zai koma ƙasarsa sai ya zazzage masa tarkacen aljihu, shi kuwa ya kawo mini. A gwangwanin madara nake zuba su. Har na girma na zama malamar makaranta gwangwanin nan yana nan, sai dai ya haifi 'yan'uwa.

Wata rana na je Sabon Gari sa wa agogona batir, sai na ga kuɗaɗen ƙasashe jere a ƙarƙashin gilashin teburin mai gyaran. Dattijo ne Ibo, a Zariya aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, illa dai kowa "ka" ne a wurinsa, mace da namiji. Ya ga na manta da agogon na ƙura wa teburin ido, sai ya ce, "Malama, kai ma kana da ciwon nan namu?" Daga nan ya gaya mini suna haɗuwa a bayan shagonsa Asabar ɗin ƙarshen wata, in na ga dama in zo.

Tsarin nasu ya burge ni. Kowane zama da harafinsa, daga A ake tafiya. Sai ka duba cikin kayanka ka kawo abin da ya fara da harafin, ko sunan kuɗin, ko ƙasar, ko abin da aka zana a kai. A zaman A na kai anini da ahu, wani ya kawo na Aljeriya. A zaman G wata nas daga Shika ta zo da sulalla mai dalar gyaɗa, mai agogo ya fito da wani mai giwa. Abin da ya fi daɗi shi ne aro. In an tashi, kowa yana da damar ɗaukar kuɗi ɗaya na wani ya tafi da shi gida, ya juya shi son ransa, ya dawo da shi zama na gaba. Ta haka zakin Habasha ya yi wata guda a ɗakina, ina nuna wa ɗalibaina.

Shugabanmu wani dattijo ne da ya yi ritaya, ya yi karatu a waje, kowa Ciyaman yake ce masa. Yana da wani ƙaton littafi mai hotunan kuɗin duniya, kuma duk abin da ba ya cikin littafin nan, to, a wurinsa bai faru ba. Yana da wani ɗan kuɗin Rumawa na zamanin da, ya yi kore shar, ko fuskar da ke kai ba ka iya ganewa. Ba a taɓa shi sai da safar hannu. Ranar da nas ɗin nan ta ce da ita ce da ta ɗan goga masa lemon tsami, sai da Ciyaman ya miƙe tsaye. Ya yi mana huɗuba mai tsawo, ya ce tsatsar da ke jikin tsohon kuɗi ita ce shekarunsa, wanda ya goge ta ya goge tarihi. Na yarda da maganar, har na ji ya ƙara girma a idona.

Karonmu na farko da shi a kan harafi ne. Da aka gama D na ce saura Ɗ, ina da ɗari, rabin kwabon nan mai huji. Ya ce babu wannan harafi. Na ce yallaɓai, da shi nake rubuta ɗana da ɗakina. Ya yi dariya ya ce wannan abajadin duniya muke bi, ba na firamare ba. Aka tsallake zuwa E, ni kuma na mayar da ɗarina jaka ina cika ina batsewa.

Da L ta matso na rasa abin kaiwa, sai na tuna da liyarin Inna, mahaifiyata. Liyari babban kuɗin azurfa ne, ya kusa cika tafin hannun yaro, da hoton wata ƙatuwar sarauniyar Turawa a gefe ɗaya, tsuntsu mai kai biyu a ɗayan. Matan zamanin da sukan kai wa maƙeri ya liƙa masa ɗan zobe a sama, a zura zare a rataya a wuya. Wannan zoben ake ce wa kunne. Na Inna goggonta ce ta ba ta, wadda ta riƙe ta tun tana jaririya bayan rasuwar mahaifiyarta. Goggon ita ma a wuyan uwarta ta same shi. Zare ya ci kunnen nan har ya sirance ta ciki, fuskar sarauniyar kuwa ta shafe saboda gugar fata da gumi. Ban taɓa ganin Inna babu shi a wuyanta ba, ko wanka da shi take shiga.

A lokacin idon Inna ya riga ya tafi, tana zaune a wurina a Samaru. Da na roƙe ta sai ta ce, "Su mutanen nan naki ba su da aikin yi ne? Kuɗin da ba ya sayen ko daddawa?" Na lallashe ta, na ce a duk cikinsu babu mai irinsa, so nake su gani. Ta ciro shi ta miƙo mini da ɗuminsa. Ta ce, "Ki dawo min da abuna yadda kika ɗauke shi."

Zaman ya yi armashi. Kowa ya karɓa ya juya, mai agogo ya buga shi a gilashi ya kasa kunne yana jin ƙarar azurfa. Ciyaman ya buɗe littafinsa, ya ce da farko dai wannan ba kayan L ba ne, sunansa na gaskiya tala, sai a jira T. Na ce mu liyari muka san shi, kuma da bakin Hausa ya kwana a gidanmu tun kafin a buga littafin nan. Sai ya ɗora gilashin ƙara girma a kan kunnen, ya girgiza kai, ya ce kash, an ɓata shi. Wai duk kuɗin da aka liƙa wa wani abu ya zama mai lahani, ya fita daga sahun masu daraja. Na ce to kwabo mai huji fa, wanda muka yi ta yabo a zaman H? Ya ce wancan daga masana'anta ya fito da hujinsa. Wato hujin da Bature ya yi ado ne, kunnen da maƙerin Zazzau ya sa kuma lahani. Na faɗa masa haka a gaban kowa, aka yi dariya, shi ma ya yi.

Da aka zo aro, sai ya ce shi liyarin zai ɗauka. Na ce a'a, wannan ba nawa ba ne, na tsohuwa ne, a wuyanta na ciro shi. Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, duk abin da ya hau tebur ya shiga aro. Mai agogo ya ce, "Malama, bar masa. Mutumin da ke sa safa kafin ya taɓa kuɗi, me kake tsoro?" Gaskiya ne, a cikinmu babu wanda ya kai shi tattalin kaya. Na bar masa, amma sai da na maimaita masa a bakin ƙofa cewa abin wuyan mahaifiyata ne.

Watan nan ya yi mini tsawo. Inna ba ta yi faɗa ba, ita ba mai faɗa ba ce. Sai dai in na kawo mata koko da safe ta ce, "Ke, baƙon naki bai gaji da yawo ba?" In ce saura kaɗan, Inna.

Ranar zaman M na riga kowa zuwa. Ciyaman ya shigo yana fara'a, ya ce kafin a fara yana da albishir. Ya ciro wani ɗan akwatin roba mai gilashi, ya ajiye a gabana da hannu biyu. Liyarin ne kwance a kan auduga. Na ɗauka, na juya akwatin, na sake juyawa, ina neman abin da idona ya kasa samu. Babu kunne. An yanke shi, an goge wurin da zarto har ya yi sumul, sai wani ɗan tabo mai ƙyalli a gefen.

Ya ce, "Na kai shi wurin wani maƙerin zinariya da ya san aikinsa. Dubi, ko alama da ƙyar za ki gani. Yanzu ya koma kuɗi sosai. Kada ki damu da ladan aikin, kyauta ce daga gare ni."

Wallahi jira yake in yi masa godiya. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau. Da sata ya yi, da na san inda zan ajiye shi a zuciyata. Amma mutum ya yanka ka, ya tsaya yana murmushi yana jiran ka ce Allah ya saka da alheri!

Na ce, "Yallaɓai, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Malama, gyara na yi miki."

Na ce, "Na ce maka ya lalace ne? Aro na ba ka ko gyara? Kai da ka hana a goga wa naka lemon tsami, kai ne ka sa zarto a na uwata? Tsatsar Rumawa tarihi ce, amma wuyan matan gidanmu ba tarihi ba ne?"

Muryata ta tashi har masu sayar da kayan lantarki na maƙwabta suka leƙo. Nas tana ja mini mayafi tana cewa in yi haƙuri, babba ne. Na ce babban da bai san ba a taɓa abin mutane ba, girman na mene ne? Ciyaman ya buɗe littafin nan nasa zai nuna mini shafi. Na rufe shi da ƙarfi, saura kaɗan in haɗa da yatsunsa, kuma ban yi nadama ba. Bai ce in yafe masa ba. Abin da ya iya cewa shi ne wata rana zan gane amfanin abin da ya yi. Mai agogo ya dafe kai yana ta faɗin, "Ni na ce ka bar masa, ni na ce." Na ce masa ba shi ya riƙe zarto ba, in ya san shagon maƙerin ya nuna mini kawai.

Shagon yana can cikin kasuwa, lungu bayan lungu. Na tambayi maƙerin ina guntun da ya yanke. Ya ce ai tuni ya jefa shi cikin ɓurɓushin azurfar da yake narkarwa, ya shiga zoben wani ko ɗan kunnen wata, Allah kaɗai ya sani. Ya ce in ina so ya liƙa mini sabo yanzu-yanzu, mai kauri, wanda ya fi na da kyau. Na tsaya ina kallon wutarsa. Sabon kunne zai ruɗi mai ido, amma Inna da yatsu take gani, kuma yatsun nan sun san kowane lanƙwasa na tsohon. Ban da haka ma, na gaji da masu yi wa abin nan gyara. Na ce ya bar shi.

A cikin bas ɗin Samaru na cire shi daga akwatin, na bar akwatin a kan kujera. Tun daga Kwangila nake shirya yadda zan fara maganar, har muka iso ban samu ba.

Na tarar da Inna a tabarma a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ga shi ya dawo." Fuskarta ta washe, ta karkaɗe hannu a zani, ta miƙo tafi. Na sa mata.

Babban yatsanta ya tafi kai tsaye inda ya saba zuwa, bai tarar da komai ba. Ta juya shi, ta bi gefen a hankali har ta zagayo, ta sake bi. Na fara ba ta labari, ina haɗa Ciyaman da littafi da maƙeri, ina zagi ina kuka, ban ma san me nake faɗa ba. Ba ta katse ni ba, yatsan dai yana ta zagaye.

Da na gama sai ta kamo hannuna, ta buɗe shi, ta sa mini liyarin a ciki, ta naɗe yatsuna a kai.

Ta ce, "Wannan ai kuɗi ne, 'yar nan. Ni me zan saya? Sa shi cikin naki."

Na ce, "Inna, shi ne fa. Na Goggo ne."

Ta jawo kwanon gyaɗarta ta ce, "Na Goggo a wuya ake sa shi."