Mai Juya wa Longji Sukari

Longji mutumin Pankshin ne, kuma a gindin tukunyar burkutun mahaifiyarsa ya girma. Shekararsa goma sha tara ke nan a birnin Greensboro, can ƙasar waje, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke titin Wendover. Ran Asabar kuwa sai ya shige gareji ya dafa giyarsa. Ba wani mashayi ba ne fa. Ƙamshin tsiron hatsin da ake dafawa yake bi, wai ƙamshin zanen uwarsa ke nan.

To, giyar kwalba tana da sharaɗin da burkutu ba ta da shi. Ranar ɗurawa akan tafasa ɗan sukari a ruwa, a haɗa da giyar a bokiti, a juya har ya game ko'ina, don shi ke kawo kumfa bayan an toshe kwalabe. In bai game ba, wata ta fito lami, wata ta fashe.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ya juya iya ƙarfinsa, sukari ya kwanta a ƙasa abinsa. Kwalba uku suka tarwatse dab da injin wanki, inda matarsa Liyatu ke tsayawa kullum. Yana share gilasan ya yanke wa kansa hukunci: in aka sake, zai kyautar da kayan ya haƙura.

Ita Liyatu shugabar zumuntar mata ce a cocinsu, giya ba ta taɓa shiga bakinta ba. Garejin ma "wancan ɗakin naka" take kiransa.

Ranar ɗurawa ta zagayo. Yana tsaye, ludayi na kaɗawa a hannunsa, sai ga ta ta naɗe hannun riga.

"Matsa, Baban Serah."

Ta karɓe ludayin ta hau tuƙi da ƙarfi, giya na fantsama.

"Kai, Maman Serah, ba tuwo ba ne! Iska za ki cusa mata ta lalace!"

"Ji mutum! Ni za ka koya wa tuƙi?"

Sai ya ɗora hannunsa mai rawa a kan nata. A hankali, daga ƙasa zuwa sama, ba ƙara, ba kumfa. Hannunta ya tsayar da nasa, nasa ya rage wa nata gudu.

"In matan coci suka ji, kai ne ka faɗa," in ji ta.

Bayan mako biyu babu wadda ta fashe. Ya ɗauko kwalbar farko da ta ƙarshe ya buɗe. Tsss. Tsss. Kumfa daidai wa daida.

Liyatu ta ɗauki guda ta sunsuna, ta yamutsa fuska.

"Haka zanen Mama yake wari?"

"Haka."

Ta ajiye a gabansa. "To, in ranar ɗurawa ta sake zagayowa, ka kira ni tun kafin ka taɓa ludayi."