Karen Saman Gidan Don Melitón

Don Melitón Ccahuana irin mutumin nan ne da in kuka gaisa sai ya duba yatsunsa ya tabbatar sun dawo cif. Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Comas, a gefen babban birni, can inda kwalta ta ƙare tudu ya fara, ya san shi: gajere, mai tumbi, da baƙar hula wadda ko a coci ba ya cirewa sai an zungure shi. Yana da ɗan shagon ƙusa da fenti a ƙasan gidansa. Daga ƙauyukan Ayacucho ya sauko yana saurayi, shi da matarsa Saturnina, suka kafa rumfar tabarma a kan yashi, suka yi ta ɗora bulo har ta zama gida. Wannan kam ba mai ƙwace masa. Sai dai in yana ba da labarin ba ka jin sunan Saturnina a ciki, alhali ita ta goyo rabin bulon a bayanta.

Gidan bai ƙare ba, kamar na kowa a nan. An zuba siminti a sama, rodi na tsaye yana jiran benen da ba za a taɓa ginawa ba. A can ake shanya, a can ake jibge tarkace, a can kuma kare yake zama. Saturnina ce ta tsinto shi yana ɗan kwikwiyo, ja, mai farin ƙirji. Don Melitón ya raɗa masa suna Coronel, wato kanar, shi da ya gama aikin soja ko igiya ɗaya bai samu ba. Tun ranar da aka hau da karen sama bai sake taka ƙasa ba.

Da Saturnina tana raye, ita ke hawa ta ba shi abinci, ta cire masa kaska, ta zauna tana yi masa hira. Da ta rasu, ɗansu ɗaya kuma ya tafi ci-rani Chile, sai ciyarwar ta koma hannun maigida. Yadda yake yi shi ne ya hau tsani zuwa rabi, ya ɗaga murfin ƙarfe, ya tura tsohuwar tukunya da ƙanzon shinkafa, ya rufe. Wani lokaci ya manta. Da ba don Doña Eulalia ba, maƙwabciyarsa mai sayar da kunun hatsin kinuwa da burodi a bakin layi, wadda ke jefo ƙashi daga nata saman in ta hau shanya, da tuni Coronel ya bi uwar ɗakinsa.

Amma zo ka ji kuri a shago. "Kun ji muryar nan? Ɓarawon da zai shiga gidana bai zo duniya ba. Karena ya fi ɗan sanda, kuma ba ya karɓar na goro." Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, tun mutuwar Saturnina, in ya rufe shago ya kishingiɗa, ba motsin rai a gidan sai ƙarar farcen karen a kan siminti, yana kai da komowa a saman kansa. Da wannan yake samun barci.

A shekarar da abin ya faru, Don Melitón ya nace sai an ba shi uban bikin waliyyin cocin unguwa, wato mai ɗaukar nauyin hidimar. Mutumin da ke ƙirga ƙusa ɗaya-ɗaya ya buɗe bakin aljihu, don kawai a kira sunansa a lasifika. Ya ɗauko 'yan badujala, ya sayi giya, ya sayi rokokin biki dami guda. Kuma ya ce lallai a ƙofar gidansa za a harba su, kowa ya san na wane ne.

Doña Eulalia ta ce, "Don Melitón, ka sauko da karen nan tukuna. Bara da aka harba daga nesa ma har fitsari ya yi."

"Ke dai ki ji da kununki, maƙwabciya. Kanar ne, ya san ƙarar bindiga."

Da la'asar, ana ɗauke da mutum-mutumin waliyyi a kafaɗa, aka fara sakin wuta. A roka ta farko karen ya yi ta zagaye. Da suka haɗu suna fashewa dab da kansa, ya zabura ya tsallake ɗan bangon saman gidan ya faɗo titi a gaban masu busa. Kukan da ya yi ya fi ƙarfin kakakinsu. Don Melitón na tsaye da ƙyallen uban biki a ƙirji, ya dubi kare, ya dubi jama'a, ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba da kiɗa. Doña Eulalia ce ta cire mayafinta ta naɗe dabbar, ta tsayar da babur mai ƙafa uku, ta kai shi wurin likitar dabbobi a babban titi.

Washegari aka aika wa Don Melitón. Ya zo yana hura hanci, warin giyar jiya bai sake shi ba. Ɗakin jira cike yake da mutane, wasu da mage a kwali, wasu da kare a cinya. Likitar, wata matashiya mai gilashi, ta ɗaga masa hoton ƙashi. Cinyar ta karye gida biyu, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Da hoton da allurai da aikin, dubu da ɗari biyu ne a kuɗinmu na sol.

"Nawa? Ke yarinya, kare na ce miki ko mota? Wa ma ya ce ki taɓa shi?"

"Da ihu aka kawo shi, Don. In bar shi ya yi ta yi?"

"A garinmu kare in ya karye lashe abinsa yake yi ya warke."

"Kuma jikinsa duk kaska, haƙarƙari a waje. Yaushe rabonsa da rigakafi?"

"Rigakafin me? Iska yake sha a sama, ya fi mu lafiya." Ya juya kan Doña Eulalia. "Ke da kika kwaso shi ba da izinina ba, ai sai ki biya. Shisshigi ba kyauta ba ne."

Likita ta ajiye hoton. "Ni abu ɗaya nake son ji. Mai kare shi ke biya. Naka ne, ko ba naka ba?"

Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, kuma shekaru ke nan Don Melitón na cin gadin banza. Amma ya gyara hula, ya dubi mutanen ɗakin ido cikin ido, ya ce, "Ba nawa ba ne. Kare ne kawai da ya hau saman gidana."

Wata tsohuwa mai mage ta ce, "Ikon Allah. Da tsani ya hau, ko jirgi ne ya sauke shi?"

Aka kwashe da dariya. Shi kuwa ya fita yana faɗa da ƙarfi cewa likitocin zamani duk ɓarayi ne, don tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. A zuciyarsa ma murna yake. Lissafinsa, mata masu taushin zuciya za su biya, kare ya warke, sannan wa zai riƙe gurgun kare? Dole a maido masa abinsa a ɓagas.

Doña Eulalia ta yi abin da muke yi in ciwo ya fi ƙarfin aljihu: ta kira pollada, a soya kaji a sayar da faranti a tara kuɗin. Mahauci ya rage mata farashi, mai walda ya ba da aron kujeru, wani ya kawo lasifika. Kafin ranar ta shiga shagon Don Melitón da kanta.

"Faranti ɗaya, Don Melitón. Ɗaya tak, a ce kai ma kana ciki."

Ƙofa ce ta bar masa a buɗe, ko makaho ya gani. Ya ce mai yana tayar masa da hawan jini. Ranar Lahadi layin ya cika, ana cin kaza da dankali da yaji, ana rawa, shi kuma yana zaune a bakin shago yana haɗiyar miyau kyauta. Abin da ya manta, shi da ya tsufa a unguwar, shi ne wanda ya sayi farantin mara lafiya ya zama danginsa. Har abada zai riƙa tambaya, ya jikin namu?

Karen ya warke da ɗingishi. Ya tare a ƙarƙashin keken kunun Doña Eulalia, ya yi ƙiba, gashinsa ya kwanta. Mahauci na ajiye masa ƙashi, mai walda ya ƙera masa ɗan ɗaki. Gidan Don Melitón kuwa ya yi tsit. Ya kishingiɗa ya zuba wa silin ido, ba farce, ba haushi, barci ya ƙaurace masa. Har ramewa ya yi, ya ce wai sukari ne.

Wata safiya ya fito da igiya a hannu, daidai lokacin da masu tafiya aiki suka kewaye keken.

"Maƙwabciya, an gode da ɗawainiya. Na zo ɗaukar karena."

"Wane karen?" in ji Doña Eulalia, tana zuba kunu ba ta ko dube shi ba. "Kai da ba ka da kare? A gaban likita ka faɗa, da shaidu."

Mai walda ya ce, "Wannan cinyar dai tamu ce, mu muka ci kaza a kanta. In akwai inda ka biya a jikinsa, nuna mana ka yanka ka tafi da shi."

Don Melitón ya durƙusa da ƙyar, tumbi na tokare shi. "Coronel! Zo nan. Coronel!"

Ko kunne karen bai motsa ba. Ina zai san sunan? A shago ake kuri da shi, ba a taɓa hawa sama an kira shi da shi ba. Mai walda ya yi ɗan fito, kare ya taso yana ɗingishi yana kaɗa wutsiya, ya wuce ta gefen gwiwar Don Melitón kamar ya wuce turken lantarki.

Yanzu kullum da safe za ka gan shi a bencin Doña Eulalia. Mutumin da ya ƙi sayen faranti ɗaya yana sayen kunu da burodi biyu, ya biya cif, ba ciniki, ita ma ba ta rage masa ko sisi. In ya ga hankalin mutane ya tafi wani wuri, sai ya saki burodi ɗaya ƙasa, wai suɓucewa ya yi. Karen yakan fito ya cinye, ya koma ƙarƙashin keke ya kwanta, ba ya ɗaga kai ya ga daga hannun wa ya faɗo.