Gyaɗar Rabi ta Ƙarshe

A duk shekarun da na yi ina koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci, akwai wata Alhamis da ba ta taɓa fita daga raina ba. Tunda an ce in yi wa sababbin malamai bayani a kan aikin nan, labarinta zan ba ku. Wadda ta gaji ta yi haƙuri, ni ban iya gajarta magana ba.

Ina da shekara talatin da takwas na fara riƙe fensir. Kafin nan ko sunana aka rubuta a jikin bango wuce shi zan yi. Don haka idan mace ta zauna gabana tana gumi a kan harafi ɗaya, na san abin da take ji. Amma ina da faɗa, wannan daga ƙauyenmu har kasuwar Ɗanbatta an sani. A lokacin gani nake duk macen da ta yi shiru a aji, tsawa ce maganinta.

Ajinmu a rumfar cikin gidan mai unguwa yake, daga bayan azahar zuwa la'asar. Tsarin aikin kuwa, sau ɗaya a shekara ake jarrabawar kammala matakin farko. Malama ta rubuta sunayen waɗanda ta ga sun isa, sai mai duba azuzuwa ya zo daga ofis ya gwada kowacce da bakinsa: ta karanta layi ɗaya, ta rubuta sunanta, ta yi ɗan lissafi. Wadda ya bari ita za ta zauna jarrabawar, wadda ya soke kuwa sai baɗi.

Sunan farko a takardata a shekarar shi ne na Rabi. Ba ni da mai karatu kamarta. Kuma ita ba ta da wani baɗi, don shekara ɗaya tak mijinta ya yarda ta zo. Ya ce in ta samu takardar shaida ta ci gaba, in ba ta samu ba ta zauna gida. Surukarta, wato uwar mijin, ita ma tana ajin. Iya Dije muke ce mata. Ta haura sittin, idonta ya fara rauni, amma ba ta fashi.

Ranar Alhamis wasa muke yi. Wata 'yar bautar ƙasa, Malama Bilkisu, ita ta kawo mana shi kafin ta gama ta koma garinsu, ta bar mana dokokinsa a takarda biyu da rubutun hannunta. Tatsuniya ce, amma masu sauraro ne ke cikinta. Ni ce mai ba da labari, kowace mace kuma tana da jarumarta a takarda, da adadin ranta da ƙarfinta da lambar kariyarta. Kafin mu fara sai da na taka da ƙafata wurin liman na baje masa komai. Ya ce ana sa kuɗi? Na ce a'a. Ana kiran wani abu, ko a karanta wani surkulle? Na ce babu, sai lissafi. Ya ce to amma ƙwayar nan da ake jefawa kamar ta 'yan caca, ita ba ta kwanta masa ba. Sai muka ajiye ta. Muka samo marafan kwalba ashirin, muka rubuta ɗaya zuwa ashirin, muka zuba a ƙoƙo, a rufe ido a zaro. Ashe ma taimakonmu ya yi, don da marafan nan mata da yawa suka koyi lamba.

Idan faɗa ya tashi a labarin, kowa ya zaro marfi, har dodo. Mai babbar lamba ita ce ta farko, haka har ƙasa, a zagayo. In layi ya zo kanki, kina iya takawa gida shida a kan kwalin da muka zana, sannan ki yi aiki ɗaya: ki sara, ki harba, ki ɓuya, ko ki yi dabo. Ɗaya fa, ba biyu ba. Bayan wannan kina da martani guda a kowane zagaye, wanda za ki iya yi ko ba layinki ba ne. Dabo kuwa, irin na cikin tatsuniya, iri biyu ne. Ƙanana kyauta ne. Manya kuwa mai dabo gyaɗa uku take da ita a gabanta, duk babban dabon da ta yi sai ta ci ɗaya, kuma ba a ƙara mata sai jarumai sun kwana. Wani dabon sai an riƙe shi. Ta damƙe ƙwallon dabino a hannu, ba ta riƙe biyu a tare, in aka doke ta kuma sai ta zaro marfi a ga ko zai suɓuce.

Rabi ce mai dabo. Iya Dije maharbiya ce, tana ji da bakanta. Ladidi mai ƙosai, wadda bakinta ba ya rufuwa, ita ce mai takobi.

Akwai abin da nake gani ina kau da kai. Duk ranar da Rabi ta zaro lambar da ta fi ta Iya, sai marfin ya bi ta ƙarƙashin mayafi daga hannu zuwa hannu, kafin a buɗe ya koma na Iya. Matan duk sun sani. Yarinya ba ta shiga gaban surukarta, ko a wasa. Sau biyu na yi mata tsawa, na ga ba ta da niyyar canzawa, na ƙyale.

Ranar da nake ba ku labari, Malam Sabo mai duba azuzuwa ya iso a babur ɗinsa ana gama azahar. Mutum ne mai tsantseni, ba ya wasa da aiki. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin rumfa. Ya rubuta layi a allo, sai ya ga tsohuwa a gaba, don girmamawa ya fara da ita, alhali ma babu sunanta a takarda.

"Iya, bismillah."

Iya Dije ta kafe allon da ido. Ta kama kalmar farko, ta biyu ta gagare ta. Ta yi ta juya ta a baki. Sai ya dubi takardarsa ya ce, "Rabi. Ke karanta mata ta ji."

Rabi ta sunkuyar da kai. Ya sake faɗa. Shiru. Ni kuma maimakon in gyara, sai na ɓata, na daka mata tsawa: "Ke! Buɗe bakinki!" Ta ƙara duƙunƙunewa cikin mayafi. Abin da surukarta ta kasa a gaban baƙon namiji, ita ta karanta shi tar? Da ta yi haka gara ta rasa takardar. Malam Sabo ya ja layi a kan sunanta ya wuce ta gaba.

Da ya gama da kowa ya fara naɗe takardunsa, na tsaya a gabansa.

"Malam, wadda ka soke ta fi duk waɗanda ka bari."

"Malama Indo, ni abin da kunnena ya ji nake rubutawa. Kuma an gaya mini ranar Alhamis wasa kuke yi a nan."

"Ba a yi maka ƙarya ba, kuma yau Alhamis ce. Zauna ka gani, sannan ka kai ƙarata. Kai ne dodo."

Ladidi ta ce, "Wallahi ya dace." Aka kwashe da dariya, shi ma ya kasa riƙewa. Ya duba agogo, ya ce zai ba mu rabin awa.

Mun tsaya ne makon jiya a tsakiyar faɗa, dodo ya tare bakin rijiyar gari. Maharbiyar Iya saura rai biyu, duka ɗaya ya ishe ta. Rabi kuma gyaɗa ɗaya ta rage mata. Aka zagaya da ƙoƙo. Malam ya zaro goma sha ɗaya, Ladidi bakwai, Iya uku. Rabi goma sha tara. Na ga hannun Ladidi ya fara rarrafe ƙarƙashin mayafi, sai Malam ya ce kowa ta ɗaga nata sama ya gani. Hanya ta toshe.

Kun ga inda aka sa Rabi. In ta yi aiki, ta shiga gaban Iya a idon jama'a. In ta yi shiru layi ya wuce, dodo ne ke biye, zai kashe jarumar Iya tana kallo. Na buɗe baki zan yi halin nawa, Allah Ya taimake ni na rufe.

Can sai ta juyo wajena, muryarta ƙasa ƙasa. "Malama, zan yi dako."

"Wane dako kuma? Babu wannan a wasan."

"Akwai. Yana bayan takarda ta biyu."

Na juya takardar. Ga shi kuwa, da ƙananan rubutun Malama Bilkisu, wanda ni malamar ban taɓa tsayawa na karanta ba. Malam Sabo ya karɓa, ya duba, ya miƙa mata. "Dodo bai yarda ba sai an karanta masa."

Ta saci kallon gefen da surukarta take. Iya Dije ta buga cinya. "Karanta mana, 'yar nan! Ko so kike ya cinye ni?"

Sai ta karanta, tiryan-tiryan, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Dokar ta ce wadda layi ya zo kanta tana iya riƙe aikinta, ta faɗi abin da take jira, in ya faru ta saki aikin da martaninta. In dabo ne, za ta ci gyaɗar tun yanzu, ta damƙe ƙwallo. In abin da take jira bai faru ba har layi ya zagayo, gyaɗa ta tafi a banza.

"To me kike jira?" in ji Malam.

"Ba zan taɓa kowa ba. Amma in dodo ya nufi Iya, ƙaya za ta fito daga ƙasa ta ɗaure shi." Ta jefa gyaɗar a baki, ta damƙe ƙwallon dabino.

Malam Sabo ya gyara zama. Wasan ya shige shi, hularsa har ta karkace. Ya karanta takardar dodo, ya ga yana da duka biyu a layinsa. Ya ce, "Ni ma na iya karatu. Mai dabon zan fara doka, ƙwallon ya faɗi."

"Kai, Malam, ba ka da imani!" in ji Ladidi.

Ya zaro goma sha huɗu. Ya ce Rabi ta faɗa masa ko ya same ta. Ta ce sha huɗu da ƙarfin dodo huɗu, sha takwas, kariyarta sha biyu ce, ya same ta. Dukan ya ci rai shida, tana da tara, saura uku. Duk da bakinta ta faɗa, ba ta ko ƙirga da yatsa ba. Saura a ga ko ƙwallon zai tsaya. Ta rufe ido ta sa hannun hagu a ƙoƙo. Goma.

"Goma ta isa ko ba ta isa ba?" Ladidi ta miƙe tsaye.

Rabi ta sa yatsa a kan layin. "An rubuta goma ko fiye."

Malam ya yi murmushi, ya tura dutsen da ke matsayin dodo a kan kwalin zuwa gidan maharbiya. Rabi ta buɗe hannu, ta saki dabon ƙayar. Ya zaro marfi don ya kuɓuce wa ƙayar, biyar ta fito. Dodo ya ɗauru. Ladidi ta sare shi tana kirari, sannan layi ya zo kan Iya Dije. Ta zaro nata, ta kai shi kusa da ido, ta karanta da kanta: goma sha bakwai. Kibiya ta shiga, rijiya ta kuɓuta, guɗar da aka yi sai da mai unguwa ya aiko a ji ko lafiya.

Malam Sabo ya zaro takardarsa ya sake rubuta sunan Rabi a ƙasa, ya sa hannu a gefe. Iya Dije ta ce masa, "Malam, ita ke karanta mini katin asibiti a gida. Amma gobe in ka je wani ajin, kada ka sa yarinya ta gyara wa babba a gaban mutane." Ya ce, "Na karɓi gyara, Iya." Babban ma'aikaci ne, bai ji nauyin faɗin haka a gaban mata ba, kuma har ya bar aiki ban ji ya sake yi ba.

Rabi ta zauna jarrabawa, ta ci, ta wuce mataki na gaba. Yau tana da nata ajin.

Ni na fi kowa samun karatu a ranar. Na gode wa Iya Dije da ta san lokacin da za ta buɗe wa yarinyar ƙofa. Na gode wa Malam Sabo da ya ba da rabin awarsa, da Malama Bilkisu da ta zauna ta rubuta har dokar da take ganin ba za mu buƙata ba. Ku kuma sababbi, in mace ta yi shiru a ajinku, kafin ku duba littafinta ku duba wa ke zaune kusa da ita. Matanmu suna shigowa aji da surukansu da yayyensu da kunyarsu, ba sa ajiye su a ƙofa kamar takalmi, kuma tsawa ba ta cire su.

Bayan an watse na tambayi Rabi yaushe ta ga dokar nan. Ta ce ta fi wata biyu. Musanyar marfin da ake mata tana damunta, don maguɗi ne, shiga gaban Iya kuma ba za ta iya ba, shi ya sa ta bi takardun layi layi tana neman mafita. Na ce to me ya hana ki faɗa mini tuntuni?

Ta ce, "Malama, ai ba kya bari mutum ya gama magana."

Tun daga ranar nake bari.