Tantabarar da Baba Ya Kama a Harami

Daga Funtuwa zuwa Jidda

Tun kafin kiran assalatu muka yi shirin barin Funtuwa, ni da mahaifina Malam Garba, za mu umara. Kaya na cikin mota, direba na jira, Baba kuwa yana bayan gida da tocila yana sallama da tantabarunsa. Tun yana saurayi yake kiwonsu. Sai da na ɗaga murya ya fito.

"Rabi, kin cika gaggawa. Jirgin zai tashi ya bar mu ne?"

Zai tashi mana, na ce a raina.

Muka bi ta Malumfashi, muka sha koko da ƙosai a Gwarzo. Jirgin da aka ce azahar bai tashi daga Kano ba sai bayan isha, Baba ya yi ta kallona yana murmushi. Da aka sanar mun zo saitin miƙati muka yi niyya. Gari na wayewa muka fito daga layin duba fasfo a Jidda.

Makka

Usama ne ya tarbe mu da tasinsa. Ɗan ƙanen Baba ne, haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya sauke mana kaya a wani gidan haya a Aziziyya, muka wuce Harami. Lokacin ana tsakiyar aikin faɗaɗa masallacin, ko'ina injinan gini.

A farfajiya tantabaru sun yi dafifi. Baba ya tsaya cak. Ya hango wata tana ɗingishi, zare ya naɗe mata ƙafa. Kafin in ce wani abu ya sunkuya ya cafke ta, yadda ya saba yi a gida, yana cikin ihrami, a wurin da ko korar tsuntsu ba a yi.

"Ya ammi, mamnu'! Ba a kama su!" in ji Usama.

Baba ya razana, ita ma ta fizge da ƙarfi. Ta faɗi ƙasa, fiffikenta na dama ya saki.  Usama ya samo kwali ya saka ta, ya ce ya san wadda zai kai wa, mu dai mu shiga.

Mun yi ɗawafi, mun yi safa da marwa, Baba ya yi aski. Amma da muka koma masauki ya ƙi abinci, ga shi da ciwon suga. Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Wani ɗalibi ɗan Sakkwato da ke hawa na ƙasa ya zo ya ce masa niyyar taimako ya yi, in ma ta mutu akwai malaman da suka ce ya yanka akuya, shi ke nan.

"Malam, ba akuyar ce damuwata ba," in ji Baba. "Tunda nake ban taɓa karya wa tantabara fiffike ba, sai a ƙofar ɗakin Allah?"

Ruwan zamzam kawai ya sha ranar. Tsoro ya kama ni sosai, na fara tunanin abin da zan gaya wa yayyena in ya faɗi.

Utaibiyya

Washegari da hantsi na matsa wa Usama ya kai mu wurin matar da ya kai wa tantabarar. Unguwa ce mai lunguna, sai da muka ajiye mota muka taka. Matar sunanta Khala Zainabu, kakanninta daga Kano suka zo a ƙafa. Baba ya hau benenta yana haki, ina tallabe da shi.

Saman rufin nan cike yake da marasa galihu. Maguna a gefe, tantabaru cikin keji a wani gefen, ga wata gurguwar akuya tana cin kwali. Khala ba ta nuna mana tamu ba tukuna. Sai ta shiga gabatar da su kamar 'ya'yanta.

"Wannan magen mai ido ɗayan, a gidan da aka rushe kusa da Harami aka tono ta. Masu gidan sun tashi, ita ta ƙi tashi. Akuyar kuwa wani alhaji ya saya don hadaya, ta karye a mota, aka ce ba ta halatta, ya ɗaure ta a bakin titi ya tafi. Karayar ce ta cece ta, ga ta nan tana cinye mini shanya."

Sannan ta buɗe keji ta ɗauko wata farar tantabara ta ɗora a tafin Baba. Ƙafarta ɗaya dungu ce, ba yatsa ko guda.

"Ka gani, ya hajj? Zare ne. Mutane dubu sun wuce ta suna tsoron taɓawa, har ya cinye yatsun. Taka kuwa na warware jiya, yatsunta cif."

Baba ya daɗe yana shafa dungun da babban yatsansa. Da ta kawo tamu, fiffiken ɗaure da tsumma, ya lalluba a hankali.

"Bai karye ba. Gocewa ya yi."

"Na sani. Kai ne ba ka sani ba." Ta turo masa faranti, wake da gurasa mai zafi. "Yalla, ci. Ba na jinyar biyu a kan zare ɗaya."

Ya ci, har ya nemi ƙari. Na juya baya kamar ina kallon akuya, don kada ya ga hawayena. Daga nan suka ɓarke da gardama kan abincin tantabaru, shi ya ce gero da ruwan kanwa, ita ta ce sha'ir, har azahar.

Madina da komawa

Mun je Madina a motar safa, mun yi ziyara lafiya. Da muka dawo muka sake hawa benen. An kwance tsumman, tantabarar tana ci, amma ba ta tashi ba. Baba ya yi mata sallama kamar na gida, muka kama hanyar Jidda. A jirgi ma na san inda hankalinsa yake.

Funtuwa

Mun iso da la'asar, gida cike da 'yan sannu da zuwa. Ana raba dabino sai ga saƙon Usama a wayata, hoton bidiyo ne. Khala ta buɗe keji, tantabaru suka tashi gaba ɗaya, sun fi a ƙirga. Ni ban gane komai ba. Baba ya karɓi wayar ya kawo ta dab da idonsa, ya sa na maimaita masa.

"Ga ta can," ya ce, ya ɗora yatsa. "Ta gefen hagu. Har yanzu tana ɗan karkata, amma ta tashi."

Ya miƙo mini wayar, ya bar baƙinsa zaune, ya nufi bayan gida wurin tantabarunsa. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Usama da Khala Zainabu, Allah ya saka da alheri. Ranar Baba ya ci tuwo malmala biyu.