Mushe Illa da Cutar da Ke Cin Cuta

Duk wanda ya san Kawu Illa, ƙanen mahaifiyata, wanda mutanen Tawa ke kira Mushe Illa, kamar yadda ake kiran malamin boko a Nijar, ya san ba ya wuce ruwa kwance bai tsuguna ba. Tabki ne, kududdufi ne, ko ragowar da awaki suka sha, sai ya zaro kwalba daga aljihu ya ɗiba.

Abin ya faro ne bayan ya yi ritaya daga koyar da ilimin halittu a lise, wato babbar sakandare. Wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da mujalla, ya karanta cewa an gano wata ƙatuwar ƙwayar cuta ta birus a cikin ruwa, wadda don girma aka daɗe ana ɗaukarta bakteriya. Abin da ya hana shi sakat kuwa, wai ita ma akwai wata 'yar mitsitsiyar birus da ke maƙale mata, tana cin guminta har ta raunana. Ya rantse sai ya samo su a ruwan Adar, don a cewarsa Allah bai keɓe wa Turawa halittarsa ba.

Matarsa, Inna Rabi, ita ta sha wahala, don kwalabensa sun cinye rabin firijinta. Wata rana wanta Alhaji Shaibu ya iso daga Afala cikin zafin rana, ta yi kuskure ta miƙa masa ɗaya. Kawu na shigowa ya ga kwalbarsa wayam. Bai tambayi lafiyar baƙo ba, sai cewa ya yi, "Alhaji, duka ka shanye? Na tabkin Afala ne fa!"

Alhaji ya lashe baki ya ce, "Shi ya sa na ji ɗanɗanon gida."

Mako guda Kawu na kiransa safe da yamma yana tambayar cikinsa. Alhaji ya ce tunda aka haɗa surukuta bai taɓa ganin kulawa irin wannan ba.

Ni kuma tawa kunyar a hanyar Tebaram na sha ta, za mu ɗaurin aure. Kawu ya sa direba ya tsaya bakin wani tabki, wai uzuri ya kama shi. Muna leƙe sai ga shi tsundum cikin laka har gwiwa. Fasinjoji na ta mita, ni ina ɓoye fuska a mayafi, shi kuwa ya tare wani tsohon makiyayi da ke shayar da raƙuma yana masa darasi. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato kaska ma da tata kaskar?" Kawu ya rungume shi, laka da komai, ya ce shekara talatin yana neman ɗalibi irin wannan.

Gaskiyar magana, bai taɓa ganin ƙwayoyin nan ba. Tsohon madubinsa na ƙara girman abu ko ƙurar kansa da ƙyar yake nunawa. Na taɓa tsokanarsa da haka, ya ce ai neman ne ke fitar da shi gida, in ba haka ba da tuni Inna ta kore shi.

Ranar da likita ya faɗa mana ciwon hantarsa ya yi nisa, kuka ya ƙwace mini a gabansa. Ya dafa hannuna yana murmushi.

"Ɗiyata, bar kuka. Ita ma cutar nan baiwar Allah ce, tana da mai iko da ita."

Bai ƙara wata biyu ba. Da muka je maƙabarta ziyara daga baya, an ce mana ɗalibansa ne suka hana kowa ɗaukar makararsa, furfura duk ta cika musu kai.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya nuna masa a can abin da idonsa bai samu gani ba a nan.