Wane Gefen Tafkin?

Tsoro ya fara kama Abakar ne a zauren Bulama, mai unguwarsu, lokacin da aka tambaye shi inda aka binne mahaifinsa.

Abakar dillalin shanu ne a kasuwar Gamboru da ke Maiduguri, Balaraben Shuwa. A ruga aka haife shi. Yana saurayi fari ya cinye garkensu, suka shigo Maiduguri. Nan ya koyi Kanuri da Hausa, ya yi aure, ya gina gida a unguwar Lamisula, katanga ɗaya da Ajimi tela. Tare suke cin abinci a ƙofar gida. Ranar sunan 'yarsa Munawwara, Ajimi ne ya riƙe ragon.

Munawwara ta gama karatun aikin jinya, aka buɗe guraben aiki na 'yan asalin jiha. Dole sai da shaidar Bulama, shi kuma ba ya shaida sai wani dattijon unguwa ya tsaya wa mutum. Abakar bai yi shawara da kowa ba, ya tafi da Ajimi.

"Ina kabarin tsohonka?" in ji Bulama.

Abakar ya amsa irin amsar makiyaya. "Bakin tafki, kusa da wata rijiya, inda rani ya same mu."

"Wane gefen tafkin? Namu ko na Chadi?"

Abakar bai taɓa raba tafkin nan gida biyu ba. Ya juya.

"Baba Ajimi, kai ka san mu."

Ajimi ya gyara zaman hularsa. "Maƙwabci ne, ranka ya daɗe, mutumin kirki. Amma asali, mutanen nan da shanu suke ƙetarewa su dawo. Ba zan rantse ba."

Sai a hanyar gida Abakar ya tuna cewa Habib, ɗan Ajimi, shi ma gurbin yake nema.

"Abba, da ka ce Monguno, ai a jiharmu take," in ji Munawwara da ya isa gida. "Kowa haka yake cewa."

"Ba a Monguno muka binne shi ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki.

Yanzu a cikin gida Abakar yake cin abinci. Ajimi yakan gaishe shi a masallaci kamar ba a yi komai ba, har ya tambayi lafiyar "'yata". Abakar yakan amsa.

Bulama ya ce zai kai maganar gaban Lawan, dagacin da ke samansa. Ƙarshen wata za a rufe karɓar takardu. Har yau ba a kira su ba.